Lawalin da Anka Binne a Yeji

A tashar Malanbil, bayan mun tsallaka zuwa ƙasar Binin, ɗan kamasho ya ɗaga takardar fasinja ya kira, "Sani!" Mu huɗu munka miƙe. Ya ce, "Sani Argungu." Biyu sunka zauna, munka rage ni da wani dogo mai buhun busasshen tattasai. Na dube shi da kyau. A Argungu anka haife ni, a can na girma kafin in koma Birnin Kebbi, ban taɓa ganin wannan fuskar ba.

Na ce, "Malam, wace unguwa?"

Ya ce, "A'a, ni mutumin Augie na. Amma nan wa ya san Augie?"

Ashe kujera ɗaya anka sayar mana mu biyu. Direba ya ce shi Sani Argungu guda ya gani a takarda, kuma ga kujerar Sani Argungu, mu san yadda za mu yi. Haka munka tafi har Jugu, rabin jikina a kan kujera, rabi a kan tattasai, ina atishawa ina tsine wa wanda ya jawo mini wannan tafiyar. Wanda ya jawo ta kuwa yayana ne, Lawali, wanda anka ce ya mutu.

Bari in faɗi yadda abin yake. Mahaifinmu, Malam Umaru, masunci ne, kuma duk ɗa namijin da ya haifa Muhammadu ya raɗa masa. Na fari Muhammadu Lawali, na biyu ni, Muhammadu Sani. Da yake Lawali ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba. "Wancan" take ce masa. Wancan ya ci abinci? Ku kira mini wancan. Ni kuwa Sani kai tsaye, musamman in akwai aike.

Lawali bai yi boko ba, ruwa ya bi. Ni anka sa makaranta, na gama firamare, na taɓa sakandare kaɗan, mahaifinmu ya rasu, abin ya tsaya. Takardar firamaren nan ita ce duk abin da nake da shi. Inna ta adana ta a ƙasan akwatinta. Shekarar da anka ce in kawo ta a ɗauke ni masinja, munka zazzage akwatin, babu ita. Lawali ma babu shi. Ya ɗauke ta ya tafi Gana, wai ya ji ana ɗaukar masu gadi in suna da takarda. Na koma makarantarmu neman wata, anka nuna mini ɗakin da ruwa da gara sunka gama da littattafan shekarunmu. Shekara ashirin da biyu ke nan. Yau ni ne mai gadi, a wani gida a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, ina buɗe wa yaran da na girme wa iyayensu ƙofa. Shi kuwa ko gaisuwa bai taɓa aikowa ba.

Sai ga wani direban albasa ya dawo daga Gana, ya tsaya a tashar Argungu ya ce a sanar da gidan su Lawali Argungu, masunci, cewa ruwa ya ci shi a Yeji. Ya ja motarsa ya wuce. Mutanen tasha sun san gida ɗaya da ya ɓatar da Lawali, sai sunka nufo namu. Kafin in iso daga Birnin Kebbi maƙwabta sun ara mana tabarmin zaman makoki, an jingine su a zaure.

Inna ta ce ba mai shimfiɗa su.

Liman ya zo ya yi mata magana, ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Malam, wa ya ga gawa? Direba ya gani?" Ta juyo gare ni. "Sani, tashi ka tai ka gano min kabarin wancan. In ka gan shi da idonka, a shimhiɗa. Kahin nan ba mai taɓa tabarmin ga, kuma ba mai maida su."

Tsohuwa ce, ta daina cin abin kirki tun ranar. Na san in na daɗe, tabarmin nan ita za a shimfiɗa wa. Shi ya sa na taho, ba don Lawali ba.

Daga Jugu zuwa Kara, a ƙasar Togo, ba abin da zan faɗa sai shinge. Kowane shinge da mai kaki, kowane mai kaki da yarensa. Ɗaya ya karɓi katina ya juya shi sama da ƙasa, ya kira wani mai jin Hausa ya tambaye ni me ya sa motar nan take da Muhammadu bakwai. Na ce ya tambayi iyayenmu. Wannan amsar ta sa na wuni a kan benci a rana, motar ta tafi da ledar garin rogona.

Na shiga Gana a bayan motar doya. Na kwana Salaga, washegari da hantsi na sauka Makango, bakin ruwa. Ni ɗan masunci ne, na san Gulbin Rima tun ina tsirara, amma ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ba ka hango gaɓar can. Ga matattun itatuwa tsaye a cikinsa, baƙaƙe, ba ganye, kamar an nutsar da daji bai sani ba. Yeji tana tsallake, sai an jira babban jirgin fito.

Ina jira na zauna wajen wata mai koko da ƙosai, Bahaushiyar can, wadda Hausarta ta ɗan karkace. Ta tambaye ni daga ina, na faɗa. Ta tambayi suna, na ce Sani.

Ta ce, "Sani Argungu? Kai, ga takwaranka can bayan rumfunan kifi, yana ɗinkin taru. Je ka gaishe shi mana, mutumin garinku ne."

Na ce, "Hajiya, na gaji da takwarori. Na ƙarshe da na gamu da shi rabin kujerata ya cinye. Lawali nika nema."

Ta ce, "Lawali kam suna da yawa."

Jirgi ya yi ƙaho, na tashi. Ku riƙe wannan wurin. Ni ban riƙe shi ba.

A Yeji kowane baƙo yana da maigida, wanda yake tsaya wa mutanen ƙasarsu. Na mutanen Kabi wani dattijo ne, Alhaji Bawa, dillalin kifi mai ƙaton ciki da ƙaramar murya. Ya karɓe ni a rumfarsa, ya sa anka kawo mini ruwa, ya ji abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Allahu akbar. Wane Lawalin?"

"Lawali Argungu."

"Awo, na ji. Wane daga ciki? Akwai Lawali Argungu mai injin jirgi, shi ɗan Gulma na. Akwai Lawali Argungu Baƙi, ɗan Lailaba. Akwai wanda ya koma Kumasi. Akwai wanda ruwa ya ci."

"Shi nika nuhi."

"To shi ma ba mu san unguwassu ba. Nan kowa ya zo, sunan babban gari yaka ɗauka. Yaya naka yake?"

Na ce dogo, baƙi, da tsagar Kabawa a kumatu, ba ya son yawan magana.

Mutanen rumfar sunka dubi juna. Wani ya ce, "Malam, ai rabin rumfar ga ka zana."

Amma Alhaji ya ce kamannin sun yi. Ya shiga ciki ya fito da wata jaka baƙa mai ɓallen zip, ya ajiye a gabana. Kayan mamacin ne, tun ranar suke jiran dangi. Alhaji ya sa ɗansa ya rubuta sunan wanda ya karɓa, don kada wani ya zo gobe. Na ce Sani. Ya ce Sani wa? Na ce Sani Umaru Argungu. Mai rubutun ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi mahaifinsa, sannan ya rubuta. Na ga wannan duban, na ɗauka raini ne, don na saba da shi.

Na buɗe jakar. Riga biyu, rediyo mara batir, carbi, wata laya da anka ɗinke da jar fata, da ƙullin daddawa da ya bushe kamar dutse. Na shinshina rigar kamar wani kare. Me zan ji? Shekara ashirin da biyu. Warin kifi ne, kuma kowa a garin nan warin kifi yake. Na riƙe layar ina ƙoƙarin tuna ko Inna ta taɓa ɗaura masa irinta. Wani lokaci in ga kamar na tuna, wani lokaci in ga ƙarya nake wa kaina don in samu in koma gida.

Na ce a kai ni kabarin. Alhaji ya ce ba a Yeji anka binne shi ba, direba dai Yeji ya sani. Kabarin yana Tungar Kabawa, wani zangon masunta can tsakiyar ruwa.

Na shiga kwalekwale mai inji, munka yi ta ratsa matattun itatuwan nan, mai jirgin yana kauce musu kamar mai keke cikin kasuwa. Ya sauke ni a wani tsibiri mai bukkoki. Na tambayi kabarin Lawali, anka ce nan ba wanda ya mutu bana sai wata tsohuwa. Na ce ba nan ce Tungar Kabawa ba? Sunka ce nan ce. Amma akwai ta gabas, akwai kuma ta bayan dutse, wadda wasu ke ce wa Sabuwar Tunga, ko da yake ta girmi wannan. Na juya in yi wa mai jirgi magana, ya riga ya yi nisa.

Kwana biyu na yi a tsibirin nan kafin wani jirgi ya biyo, kuma a nan zazzaɓi ya kama ni. Wadda ta kula da ni ba Bahaushiya ba ce, ba Musulma ba ce. Wata mata ce mai ƙyafe kifi, daga kudancin ƙasar, da gicciye a wuyanta. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ci" ba. Ta shimfiɗa mini buhu a inuwar rumfarta, ta kawo ƙwayoyi da wani tuwon masara mai tsami da ban iya haɗiyewa ba. Da ta ga haka, ta tafi ta samo shinkafa ta dafa ta luguf, ta tuƙa. Ba tuwon shinkafar Inna ba ne, ko kusa. Amma na ci ina kallon ruwa, ina tuna fadama lokacin girbi, hawaye na zuba cikin kwanon. Ta yi kamar hayaƙin kifi ne ya dame ni, ta matsar da ni gefe. Har na bar wurin ban san sunanta ba. Ita kaɗai ce a tafiyar nan ba ta tambayi nawa ba.

A Tungar Kabawa ta bayan dutse na sami kabarin. Tudun ƙasa ne da reshen ƙaya a kai, ba allo ba komai. Na tsuguna na yi addu'a. Na yi ƙoƙarin in ji wani abu, ko baƙin ciki ko sanyin zuciya, ban ji komai ba sai ciwon kai. Na ce a raina, to Lawali, ka cuce ni, ka mutu, yanzu kuma ni ke yawo da jakarka.

Wanda ya yi masa wanka wani tsoho ne, Malam Isa. Ya zo ya tsaya kusa da ni yana ba ni haƙuri. Ya ce jirginsu ne ya daki kututture, kwana biyu kafin ruwa ya maido shi. Ya ce mutumin kirki ne, kullum zancensa tsohuwarsa, wai bana zai koma ya gyara mata ɗaki.

Wannan maganar ce ta fara damuna. Lawali da zancen tsohuwa? Sai wani abu ya faɗo mini, abin da ya kamata in tambaya tun a rumfar Alhaji. Muna yara igiyar taru ta tsinke wa Lawali ƙaramin yatsan hannun hagu. Ina wurin, ni na ruga na kira mahaifinmu.

Na ce, "Malam, hannunshi na hagu. Yatsu nawa?"

Ya dube ni kamar na zare. "Biyar."

"Ka tabbata?"

"Ni na wanke shi. Ruwa ya ɓata hwuska, amma yatsu goma na, cip."

Na zauna a ƙasa. Na yi wa kabarin wani addu'a, ba laifi, ba ta ɓaci ba. Amma yanzu me zan gaya wa Inna? Ba shi ne ya mutu ba, kuma ban san ko yana da rai ba. Tabarmin nan ba za a shimfiɗa su ba, ba za a maida su ba. Na tambayi Malam Isa ko mamacin ya taɓa faɗin garinsu. Ya ce wani ƙauye ne bayan Gulma, ya faɗi sunan, ya ce uban maƙeri ne. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya sa bai faɗa ba.

Na dawo Yeji da niyyar maida jakar. Tun daga bakin ruwa na ga ana nuna ni. Kafin in kai rumfar, ƙarti biyu sun sa ni tsakiya. Alhaji Bawa yana zaune, fuskar nan ba irin ta ranar farko ba.

Ya ce, "Bawan Allah, mi kac ce sunanka?"

"Sani Umaru Argungu."

"Ƙarya kakai."

Na ce, "Alhaji, a sunana?"

"Sani Umaru Argungu mun san shi shekara ashirin. Yana Makango. Ni na tsaya mishi waliyyi da za ya yi aure. Sani da yawa, Argungu da yawa, amma Sani Umaru Argungu guda na. Ka ji sunan mutumen kirki a hanya, ka ɗauka, ka zo ka amshe kayan mamaci."

Na ce, "Kayan mi? Rediyon da ba batir?"

Wani daga baya ya ce, "Ji bakinshi. Irin su na, masu bin gawa."

Na ciro katina na miƙa. Alhaji ya ce kati kowa na iya bugawa. Na ce a kira gida. Ya ce wa ya san wanda zai ɗauka. Wallahi a lokacin nan kaina ya juye. Ga zazzaɓi bai gama sakina ba, ga mutum ashirin suna rantsuwa cewa ni ba ni ba ne. Har na fara tambayar kaina ko akwai wani Umaru masunci a Argungu mai ɗa Sani wanda ban sani ba. Takardar firamaren nan ko kaɗan ba ta zo mini a rai ba. Ni a wurina takarda ce anka sace, anka nemi aiki da ita, ta lalace. Ban taɓa tunanin mutum zai iya sa takarda ya zauna cikinta kamar riga ba.

Alhaji ya ce magana ta ƙare, a tsallaka da ni Makango a haɗa ni da mai sunan. In ya yafe, shi ke nan. In bai yafe ba, hukuma.

Munka shiga jirgin fito, ni da jakar mamaci a cinya, ƙartin nan ɗaya dama ɗaya hagu. Munka wuce mai koko. Ta gan ni ta ce, "A'a, takwara, ka dawo?"

Bayan rumfunan kifi akwai wata bishiyar mangwaro, an rataye taru a reshenta. Wani mutum yana zaune a kan kututture, ya ba mu baya, yana ɗinki. Kansa fari fat. Wata mata tana wanke-wanke a ƙofar gida.

Alhaji ya ce, "Sani!"

Mu biyu munka amsa.

Ya juyo. Ban gane fuskar ba, gaskiya, ta tsufa ta zama ta mahaifinmu. Hannun na duba. Yana riƙe da bakin tarun da hagu, yatsu huɗu.

Alhaji ya ce, "Ga wani mun kama yana yawo da sunanka, har da na mahaihinka. Ka san shi?"

Lawali ya dube ni. Ya dubi Alhaji, ya dubi matar, wadda ta tsaya da kwano a hannu. Ya maida ido kan tarun, har ya ƙara ɗaure ƙulli ɗaya. Na ga yana lissafi, kuma na san lissafin. In ya ce bai san ni ba, ya zauna lafiya da sunansa da matarsa da mutuncinsa, ni kuwa in kwana a hannun hukuma. Na bar shi da lissafinsa. Na riga na gaji, kuma ina son in ga iyakarsa.

Ya ce, "Ƙanena na."

Alhaji ya ce, "Ƙanenka? Mi sunanshi?"

"Sani."

"Kai hwa?"

Ya ajiye tarun. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai ɗaga abu mai nauyi, "Lawali."

Matar ta ajiye kwanon. Ta ce, "Wane Lawali? Lawali yana makaranta." Ashe sunan da ya sa wa ɗansu na fari ke nan. Daga baya ya ce mini ya yi haka ne don ya riƙa jin ana kiran sunan a gidan.

Alhaji Bawa ya cire hula ya sosa kai ya maida. Ya ce, "To ni wa na aurar?" Ƙartin nan biyu sunka saki jiki, ɗaya har ya ce mini sannu da hanya.

Na yi shekara ashirin da biyu ina tanadin abin da zan gaya wa Lawali. A ƙofar gidan Gesse, in ba mota, shi nake bita. Da ranar ta zo, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Inna ba ta cin abinci."

Ya ce aikin gadin wata bakwai ya yi a wani kamfanin katako, kamfanin ya rufe. Amma kafin nan kowa ya san shi da Sani, duk takardar da ya yi bayan nan daga waccan anka kwafa, da sunan anka ɗaura aure, da shi yara ke makaranta. Ya ce kullum yana cewa sai ya samu abin nunawa sannan ya waiwayi gida.

Na ce, "Ka samu?"

Ya nuna tarun.

Na ciro waya na kira ƙanwarmu a Argungu, na ce ta kai wa Inna. Na sa a fili kowa na ji, na miƙa masa.

Ya ce, "Inna, ina wuni. Sani na."

Bakinsa ya riga ya saba. Ya ji abin da ya faɗa, ya runtse ido.

Muryar Inna ta fito siririya. "Na san muryar Sani. Wagga ba ita ta ba." Munka ji numfashinta. "Wancan na?"

Ya ce, "Ni na, Inna."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Munka ji ta juya tana magana da ƙanwarmu: "Ke, a maida ma mutane tabarminsu. Kuma ki ɗora min ruwan kunu." Sannan ta dawo kan wayar ta ce, "Ba ni Sani." Munka miƙa hannu mu biyu. Ya janye nasa.

Kwana uku na yi a gidan. Matar ta rasa yadda za ta yi da mu, sai ta koma ce mini Baƙo, shi kuma Baban Yara. Ranar da zan tafi ya shiga ɗaki ya fito da takardar, an naɗe ta cikin leda, ta yi launin ƙasa, ninkin ya kusa raba ta huɗu. Ga sunana da rubutun hedimasta. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Na dube ta. Ina da shekara arba'in da bakwai. Wa zai ɗauke ni masinja?

Na ce, "Riƙe abinka. Kai ka ci moriyarta, in an ci." Ya ce in yafe masa. Na ce ya zo gida da Sallah ya faɗa a gaban Inna, sannan in duba. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta ƙarya a nan ba.

Jakar kuwa Alhaji Bawa ya ce in tafi da ita, tunda ni kaɗai ne mai komawa wajen. Ya sa ɗansa ya sake rubuta sunan wanda ya karɓa. Yaron ya tambaya ya zai rubuta. Alhaji ya ce, "Rubuta Sani Umaru Argungu, na Najeriya."

Na iso Argungu na tarar Inna tana cin tuwo. Ta tambaye ni ko wancan ya rame, na ce ya yi furfura. Ta ce uban ma da wuri ya yi. Ba ta tambayi yadda na sha hanya ba, ni ma ban faɗa ba.

Washegari na hau mashin da jakar zuwa ƙauyen nan na bayan Gulma. Na tambayi gidan maƙera, anka nuna mini. Maƙerin ya daɗe da rasuwa. Na yi sallama, wani magidanci ya fito, na gaya masa a tsaye a ƙofar gida. Ya riƙe bango. Ya ce shi ba zai iya faɗa wa tsohuwarsu ba, in shigo da kaina tunda na ga kabarin.

Tsohuwar tana zaune a ƙofar wani ɗaki da damina ta cinye wa gefe guda, tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta. Na ajiye jakar, na buɗe, ban san ta inda zan fara ba. Ta miƙa hannu ta wuce rigunan, ta wuce rediyon, ta ɗauko layar nan mai jar fata. Ta juya ta a tafin hannunta.

Na ce, "Inna, daga Gana nike. Ɗanki Lawali..."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, kamar na faɗi abin da bai kamata a faɗa a gabanta ba.

Ta ce, "Wancan na?"

Na ce, "Shi na, Inna. Na ga kabarin da idona. An yi mishi wanka, an yi mishi sallah."

Ta ajiye faifan a hankali don kada shinkafar ta zube. Magidancin ya fita aron tabarmi. Da ya dawo da su, ba kowa a zauren sai ni, sai na kama masa munka shimfiɗa.